Jami'o'in Baƙar Fata Na Amurka Da Bashin Gini: Wa Ke Bin Wani?

A cikin watan Afrilu na shekarar 2021 Ma'aikatar Ilmi ta Amurka ta ba da sanarwa cewa ta yafe wa waɗansu kwalejoji da jami'o'i guda 45 bashin da Gwamnatin Tarayya ke bin su, wanda jimlarsa ta kai kimanin dala miliyan 1,600. Makarantun nan duka na baƙar fata ne, 32 daga cikinsu masu zaman kansu, sauran 13 kuwa na gwamnatocin jihohi. Rance ne da suka ciwo domin gina ɗakunan kwanan ɗalibai da ajujuwa da ɗakunan karatu, da kuma gyaran tsofaffin gine-gine waɗanda wasunsu sun haura shekara ɗari a tsaye.

Duk wanda ya ji labarin daga nesa zai ce gwamnati ta yi abin kirki, kuma lalle ta yi. Amma mai karatu yana iya tambaya, shin me ya sa makarantun da suka yaye manyan mutane irin su Dokta Nnamdi Azikiwe da Dokta Kwame Nkrumah da Martin Luther King ba su iya kafa ko da ɗakin kwana ɗaya sai gwamnati ta tsaya musu an ba su rance? Amsar tana da tsawo, kuma ta faro tun daga zamanin bauta.

Asalin Makarantun

Kafin yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, jihohi da yawa na kudancin ƙasar suna da dokar da ta hana a koya wa bawa karatu da rubutu. Da yaƙi ya ƙare aka 'yanta bayi wajen miliyan huɗu, sai ga jama'a tuli masu ƙishirwar ilmi, alhali kuwa makarantun Turawa ba su karɓarsu. Saboda haka ƙungiyoyin mishan da majami'un baƙar fata da wata hukumar gwamnati mai kula da 'yantattun bayi suka shiga buɗe musu nasu. Ƙalilan ne suka riga yaƙin, kamar Cheyney ta 1837 da Lincoln ta 1854, duka a Jihar Pensilbeniya. Jami'ar Fisk ta zo cikin 1866, Howard ta birnin Washinton kuwa cikin 1867.

Dokar ilmi mai zurfi ta 1965 ita ce ta yi musu iyaka: duk makarantar da aka kafa kafin 1964 da nufin ilmantar da baƙar fatar Amurka, to tana cikinsu. Yawansu ya kai kamar ɗari, watau wajen kashi 3 cikin 100 na manyan makarantun ƙasar, kuma ɗalibansu sun doshi 300,000. Ba a hana farar fata ko baƙo shiga, kuma tun da daɗewa 'yan Afirka ke zuwa can neman ilmi.

Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru cikin 1904 kuma ya tashi da Hausa a bakinsa, ya sauka Amurka cikin 1925, ya fara da Kwalejin Storer, ya ratsa ta Howard, sa'an nan ya sami digirinsa a Lincoln cikin 1930. Nkrumah ya bi sawunsa ya gama Lincoln ɗin cikin 1939. Kamala Harris, wadda ta riƙe muƙamin Mataimakiyar Shugaban Amurka daga 2021 zuwa 2025, a Howard ta yi karatu. Ita kuwa Kwalejin Storer, wadda ta fara karɓar Zik, tuni ta zama tarihi. Da Kotun Ƙoli ta haramta wariyar launi a makarantun gwamnati cikin 1954, sai jihar ta janye ɗan tallafin da take ba ta kowace shekara, aka rufe ta cikin 1955.

Agogon Shugaba A Gidan Jingina

Neman kuɗin gini shi ne ciwon da makarantun nan suka tashi da shi tun ran farko. Lokacin da Booker T. Washington ya isa garin Tuskegee a Jihar Alabama cikin 1881 domin buɗe makarantar horon malamai, sai ya tarar majalisar jihar ta ware dala 2,000 a shekara don albashi kawai, ba ta ba da ko kwabo na fili ko na gini ba. Ya fara da ɗalibai 30 a cikin wata tsohuwar majami'a da wata bukka da ke gefenta. Shi da kansa ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa in ana ruwa, wani ɗalibi kan riƙe masa laima a ka domin ya ci gaba da darasi.

Da aka sa wata tsohuwar gona mai eka 100 a kasuwa a kan dala 500, rabi hannu rabi sai daga baya, ba shi da ko sisi. Ya rubuta wa ma'ajin makarantar Hampton inda ya yi karatu, shi kuwa ma'ajin ya ce ba shi da ikon taɓa kuɗin makaranta, amma ya ranta masa dala 250 daga aljihunsa. Malama Olivia Davidson, wadda daga baya ta zama matarsa, ta riƙa bi gida gida ana ba ta kaza ko burodi ko waina, ta shirya liyafa ana sayarwa, har aka biya rancen cikin wata uku. Wata tsohuwa da ta yi rayuwarta cikin bauta ta dogaro sanda ta kawo ƙwai shida, ta ce a sa a cikin karatun yaran.

Da aka zo gini, sai ɗalibai suka shiga buga bulo da hannunsu. Sau uku ana haɗa matoya tana lalacewa. A karo na huɗu kuɗi sun ƙare ƙaf, Washington ya ɗauki agogonsa ya kai jingina a birnin Montgomery aka ba shi dala 15, da su aka sake gwadawa, bulo ya gasu. Agogon dai bai koma hannunsa ba, domin wa'adi ya wuce kafin ya sami abin fansa.

Jami'ar Fisk ta birnin Nashville kuwa da waƙa ta yi gini. Cikin Oktoban 1871, da asusu ya bushe, ma'ajin makarantar ya kwashi ɗalibai tara, yawancinsu 'yantattun bayi, suka shiga duniya suna rera waƙoƙin da iyayensu ke yi a gonakin bauta ana ba su kuɗi. Tafiya ta kai su har Ingila, inda suka yi waƙa a gaban Sarauniya Biktoriya cikin 1873. Da abin da suka tara aka gina babban benen nan mai suna Jubilee Hall, wanda aka buɗe cikin 1876, yana nan tsaye har yau.

Irin waɗannan gine-gine abin alfahari ne, amma kuma kaya ne mai nauyi. Benen da ya shekara 140 ba ya jin roƙo, kullum yana neman jinka ko famfo ko wayar lantarki, kuma da yake hukuma ta sa da yawansu cikin jerin kayan tarihi, gyaransu ya fi sabon gini tsada.

Gado Da Kasuwar Bashi

Hanya uku ce babbar makaranta a Amurka ke samun kuɗin gini. Ko gwamnatin jiha ta ba ta, ko ta ɗiba daga ribar dukiyar da attajirai da tsofaffin ɗalibai suka bar mata tamkar wakafi, ko kuwa ta shiga kasuwa ta sayar da takardun bashi, masu kuɗi su saya tana biyansu da ruwa a hankali. A duka ukun makarantun baƙar fata a baya suke.

Wakafi dai daga masu hali yake fitowa, su kuwa tsofaffin ɗaliban makarantun nan jikokin mutanen da aka hana su mallakar ko da kansu ne, aka kuma daɗe ana toshe musu hanyar sayen gida da samun babban aiki. Dukiyar ajiyar Jami'ar Harvard ita kaɗai ta haura dala miliyan dubu 50 cikin 2021, watau ta ninka ta dukan makarantun baƙar fata a haɗe sau da yawa. Ko a bar zancen Harvard, Ofishin Binciken Kuɗi na Majalisar Dokokin Amurka ya gwada su da tsararrakinsu a wani rahoto na 2018, ya tarar matsakaiciyar makarantar baƙar fata tana da ajiyar dala miliyan 12, takwararta mai girma ɗaya da ita kuwa miliyan 23. A cikin rahoton nan ne makarantun da aka tambaya suka ce kashi 46 cikin 100 na gine-ginensu suna bukatar gyara ko a rushe a sake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Labarin kasuwar bashi ya fi ban takaici. Waɗansu malaman jami'a huɗu masana harkar kuɗi sun bi diddigin takardun bashi sama da 4,000 da manyan makarantu suka sayar tsakanin 1988 da 2010, suka buga sakamakon cikin 2019. Sun gano cewa in makarantar baƙar fata za ta ciwo dala miliyan 30, takan biya dillalai la'ada wajen dala 290,000, alhali wata makarantar takan biya kamar 242,000. Wani zai ce ai don ana tsoron ba za su iya biya ba ne. To, masu binciken sun ware takardun da ke da inshora da shaida mafi daraja, waɗanda babu wata fargabar asara a kansu, amma bambancin bai gushe ba. A jihohin Luwiziyana da Alabama da Misisipi ma ya ninka na sauran wurare har sau uku.

Dalili shi ne, irin waɗannan takardu attajiran jihar da makaranta take su suka fi sayensu, domin ana ɗauke musu harajin jiha a kan ribar. In attajiran wurin ba su sha'awar sunan makarantar, sai dillali ya sha wuya kafin ya sami mai saye, shi kuwa ya ɗora wahalarsa a kan la'ada. Ba wanda ya fito fili ya ce don launin fata ne, lissafi ne kawai ya tona asiri.

Gwamnati Ta Zama Maigida

Saboda wannan hali ne Majalisar Dokoki ta kafa wani shiri na musamman cikin 1992, zamanin Shugaba George Bush babba. Duk wanda ya san cinikin shanu a Sabon Badun ko Agege ba zai sha wuyar gane shi ba. Falke ya kawo shanu daga Arewa, mahauci yana so amma ba shi da kuɗi hannu, falke kuma bai san shi ba. Maigida ne ke shiga tsakani ya ce a ba shi, in bai biya ba a zo wurina. Da wannan lamuni ake sakin kaya.

Haka gwamnatin Amurka ta yi. Ma'aikatar Ilmi takan naɗa wani kamfani mai zaman kansa ya fitar da takardun bashi a madadin makarantar, wani banki na Baitulmalin ƙasar ya saye su, gwamnati kuma ta ɗauki alkawarin biya in makaranta ta gaza. Da yake babu dillalan kasuwa a tsakani, ruwan da ake ɗorawa bai fi wanda ita kanta gwamnati ke biya a nata bashin da wani abin kirki ba, kuma ana iya shekara 30 ana biya. Ana gina ajujuwa da ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya da ɗakunan kwana, ana kuma iya biyan tsohon bashi mai tsada da sabon mai sauƙi. Sai dai doka ta hana a gina wurin ibada da kuɗin, ko da yake majami'u ne suka kafa da yawa daga cikin makarantun. Da fari an ƙayyade jimlar abin da za a lamunta a kan dala miliyan 375, cikin 2008 aka ɗaga zuwa miliyan 1,100.

A takarda abin gwanin kyau. Amma sai cikin 1996 aka ba da rancen farko, kuma da masu binciken Majalisa suka duba cikin 2006, makarantu 14 kacal suka karɓa, jimlar kuɗin ta ɗan haura dala miliyan 200. Ga mabukata, ga kuɗi mai araha, amma ana ta kewaye shi. Lalle ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya fi korar su wani sharaɗi ne da aka cusa a cikin dokar. Duk makarantar da ta karɓi rance sai ta ajiye wani kaso a cikin asusu guda na kowa da kowa, da fari kashi 10 cikin 100, daga baya aka rage zuwa kashi 5. In kowa ya biya nasa lafiya, a ƙarshe a mayar masa da ajiyarsa. In kuwa wata makaranta ta gaza, daga wannan asusu za a fara ɗiba, sai ya ƙare tukuna gwamnati za ta sa hannu a aljihunta. Watau maigidan nan ya ce ya tsaya wa mahauta, amma ya tara su ya ce in ɗayanku ya gudu, ku sauran za ku fara biya. Talaka ne aka sa ya lamunci talaka ɗan'uwansa.

Ban da wannan, ana neman jingina mai yawa, ana kuma biya wata wata maimakon sau biyu a shekara kamar yadda aka saba a kasuwa. Su kuma makarantun gwamnati, dokokin waɗansu jihohi sun hana su jinginar da kadarar jiha ko shiga irin wannan asusu na tarayya, saboda haka ƙofar a rufe take gare su.

Ranar Da Ɗaya Ta Faɗi

Abin da ake gudu bai daɗe ba ya auku. Kwalejin Barber-Scotia da ke garin Concord a Jihar Karolina ta Arewa tsohuwar makaranta ce, an kafa ta cikin 1867 domin 'yan mata 'ya'yan 'yantattun bayi. A nan ne Mary McLeod Bethune ta yi karatu, matar da daga baya ta kafa tata makarantar a Filorida har ta zama mai ba Shugaba Roosevelt shawara. Kwalejin ta ciwo wajen dala miliyan 7 a ƙarƙashin shirin.

Cikin 2004 hukumar da ke tantance makarantun yankin ta janye amincewarta da kwalejin. A Amurka wannan kusan hukuncin kisa ne, domin ɗalibin makarantar da ba a amince da ita ba, ba ya samun tallafi ko rancen karatu daga Gwamnatin Tarayya, su kuwa yawancin ɗaliban makarantun baƙar fata da wannan tallafi suke biyan kuɗin makaranta. Nan da nan ɗalibai suka watse, daga wajen 600 suka koma ƙasa da 100. Ba ɗalibai, ba kuɗin shiga, ba abin biyan bashi. Daga 2005 aka shiga ɗibar ajiyar sauran makarantu ana biya mata, makarantun da ba su ci nanin ba, amma nanin ta ci su. Shugabannin da suka ƙi shiga shirin tun farko suka sami abin nuni.

Duk da haka bukata ta fi ƙarfin tsoro. Bayan rikicin kuɗi na 2008, da bankuna suka ƙara tsuke hannu, makarantu suka yi ta shigowa. Zuwa 2018 sun kai 46, amma har a lokacin ba su kai rabin waɗanda suka cancanta ba.

Ruwa Ya Ci New Orleans

Ran 29 ga Agusta 2005 guguwar nan mai suna Katrina ta afka wa gaɓar kudancin Amurka, ganuwar da ke tare ruwa ta fashe, mafi yawan birnin New Orleans ya nutse. Jami'o'in baƙar fata uku ne a birnin: Dillard, da Xavier, da reshen Jami'ar Southern. A harabar Dillard ruwa ya shanye tsawon mutum a waɗansu wurare, ya kwanta har makonni, gobara kuma ta cinye ɗakunan kwana uku. Da aka koma karatu cikin Janairun 2006, a otal ɗin Hilton na bakin kogi aka koma, nan ɗalibai ke kwana, nan ake darasi. Reshen Southern kuwa a cikin gidajen tirela na hukumar agajin gaggawa ya buɗe. Xavier, wadda ta yi suna wajen tura ɗalibai baƙar fata makarantun koyon likita, ita ma ruwa ya shiga kusan kowane gini nata.

Majalisa ta yi doka ta musamman, cikin 2007 aka ba makarantun nan uku tare da Kwalejin Tougaloo ta Jihar Misisipi rancen da ya haura dala miliyan 360, da ruwan kashi 1 cikin 100 kawai. Samun irin wannan sauƙi a kasuwa sai dai a mafarki. Aka gyara gine-gine, harabobi suka dawo fes.

Sai dai gini ba ya biyan bashi, ɗalibai ke biya. Unguwannin baƙar fata na birnin su ruwa ya fi ci, iyalai da dama sun yi ƙaura zuwa Teksas da Jojiya ba su komo ba, ɗaliban Dillard suka ragu da wajen rabi. Cikin 2013 aka ɗage wa makarantun biya har shekara biyar. Da wa'adin ya ƙarato aka ga babu alamar za su iya, sai Majalisa ta yafe, Ma'aikatar Ilmi ta soke dala miliyan 322 cikin Maris 2018. Ashe abin da ya kamata a bayar kyauta tun ran da ruwa ya janye, shi aka yi shekara goma sha ɗaya ana kiransa rance.

Annoba Ta Buɗe Ƙofa

Wannan yafewa ta zama abin kafa hujja. Waɗansu ƙananan kwalejoji masu zaman kansu suka ce su ma ai guguwar rashin kuɗi ta 2008 ta buge su, aka ɗage wa wasunsu biya cikin 2018. Da annobar korona ta sauka cikin 2020 aka sallami ɗalibai, sai ɗakunan kwanan da aka gina da rance, waɗanda kuɗin hayarsu ke biyan bashin, suka zama fayau. Majalisa ta fara dakatar da biya cikin Maris na shekarar.

Wadda ta fi tsayawa a kan a yafe gaba ɗaya ita ce 'yar Majalisar Wakilai Alma Adams daga Karolina ta Arewa. Ta san ciwon daga ciki, domin a makarantar baƙar fata ta yi karatu, ta kuma shekara 40 tana koyarwa a Kwalejin Bennett ta 'yan mata, wadda ita ma tana cikin masu bashin. Aka cusa maganar a cikin babbar dokar kasafi da agajin annoba wadda Shugaba Trump ya sa wa hannu ran 27 ga Disamba 2020, gwamnatin Shugaba Biden kuma ta zartar bayan wata uku. Wannan ya sa kowane ɓangare na siyasa ke cewa aikinsa ne.

Waɗansu sun tsinci dami a kala. Jami'ar A&M ta Filorida ta karɓi rancen dala miliyan 125 cikin 2019 domin gina ɗakunan kwana masu gado 700 da biyan tsofaffin basusuka, bayan kamar shekara biyu aka share mata sama da miliyan 100. Amma makarantar da ta ji tsoron bashi ta haƙura da rufinta mai yoyo, ko wadda dokar jiharta ta hana ta shiga, ko wadda ta riga ta ƙuntata wa kanta ta biya, ba ta sami komai daga wannan rabo ba. Kuma abin da aka riga aka karɓa kafin ranar sa hannu shi kaɗai aka yafe. Ba a rufe shirin ba, bayan 2021 waɗansu makarantun sun koma sun ciwo sabo. Bashi hanji ne, in ji masu iya magana.

Wasiƙa Ga Gwamnoni 16

Akwai kuma wani lissafin da ya fi wannan girma, wanda a cikinsa makarantun ne masu bin bashi. Wata doka ta 1890 ta ce duk jihar da ke son kuɗin Tarayya na jami'o'in aikin gona da sana'a, to ko ta karɓi baƙar fata a jami'arta, ko ta kafa musu tasu ta kuma raba kuɗin bisa adalci. Jihohin kudu suka zaɓi su kafa daban, amma zancen adalcin rabo sai aka bar shi a takarda.

Cikin Satumban 2023 Ministan Ilmi Miguel Cardona da Ministan Aikin Gona Tom Vilsack suka rubuta wa gwamnonin jihohi 16 wasiƙa. Suka ce in aka gwada abin da kowace jiha ta kashe a kan ɗalibi ɗaya a jami'arta ta farar fata da abin da ta kashe a ta baƙar fata daga 1987 zuwa 2020, giɓin ya haura dala miliyan dubu 12. Wannan ya ninka bashin da aka yafe cikin 2021 fiye da sau bakwai, kuma na shekara 33 ne kawai, ba a taɓa na shekarun wariya ba. Waɗansu gwamnonin sun musa lissafin. Wasiƙa dai ba hukuncin kotu ba ce, ba ta tilasta wa kowa biya.

Inda aka ga kuɗi, yawanci sai da aka sha shari'a. A Misisipi ƙarar da aka shigar cikin 1975 ba ta ƙare ba sai 2002, da sulhun dala miliyan 503. A Jihar Maryland an shiga kotu cikin 2006, aka daidaita cikin 2021 a kan miliyan 577 da za a biya makarantu huɗu cikin shekara goma.

Wadda wasiƙar ta nuna an fi tauye wa haƙƙi ita ce Jami'ar Jihar Tenesi da ke Nashville, gari ɗaya da Fisk, da dala miliyan 2,100. Tun cikin 2021 ma wani binciken majalisar jihar da kanta ya nuna ana iya bin jihar har miliyan 544, cikin 2022 kuma aka ware wa jami'ar miliyan 250 domin gyaran gine-gine. A daminar wannan shekara ta ɗauki sababbin ɗalibai fiye da yadda ta taɓa ɗauka, gadaje suka kasa, aka kama wa ɗaruruwansu ɗakuna a otal-otal na cikin gari ana jigilarsu da bas. Mai binciken kuɗi na jihar ya ɗora laifin a kan shugabannin jami'ar, ya ce sun yawaita ba da guraben karatu kyauta ba tare da shirin masauki ba, cikin Maris 2024 kuma majalisar jihar ta rushe hukumar gudanarwarta aka naɗa sabuwa. Su kuwa miliyan 250 ɗin nan, ƙa'idar da aka gindaya ba ta yarda a gina ɗakin kwana da su ba, domin a tsarin jihar ɗakin kwana gini ne mai kawo kuɗin haya, da rance ake yinsa.